Rariyar Saƙonni: Sai Mun Koya Wa Na'ura Kafin Ta Gane Ɗan Damfara

Da wuya mako ya ƙare a shirinmu na rediyo a nan Damagaram ba a samu wanda ya bugo waya yana kukan saƙon damfara ba. Wani an rubuto masa cewa ya ci kyautar miliyan biyu, amma sai ya turo jika goma na cika takardu. Wata an ce mata an yi kuskuren tura kuɗi a layinta, don Allah ta taimaka ta mayar, alhali ko dala ba ta shigo mata ba. Wani kuma an turo masa lambobi 6, aka bugo ana roƙonsa ya karanto su, kafin la'asar an ƙwace masa WhatsApp ana bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ana cin bashi da sunansa. Duk waɗannan mun saba jin su. Amma kukan da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau na wani Alhaji ne mai shigo da kayan masarufi, wanda shi damfara ba ta same shi ba, maganin damfarar ne ya jawo masa asara.

Abin da ya faru shi ne, kayansa sun iso tashar jiragen ruwa ta Lome, kamar na ƴan kasuwarmu da dama da suka koma bin can bayan rufe iyakar Benin a 2023. Mutumin da ke fitar masa da kaya ya aiko masa da takardu ta imel domin ya duba ya sa hannu. Alhaji da yaronsa suka yi ta leƙa akwati ba su ga komai ba, shi kuma wancan yana rantsuwa ya aiko, har aka fara zargin juna, kuɗin ajiya kuwa yana ta hawa. Sai bayan fiye da mako guda wani ɗalibi ɗan maƙwabta ya karɓi wayar, ya buɗe wani akwati da aka rubuta wa Spam, sai ga takardun a kwance tsakanin tallan maganin ƙarfi da alkawarin biza. Tambayar da Alhaji ya yi mana ita ce: “Wa ya ba na'ura izinin ɓoye mini wasiƙata, kuma wa ya gaya mata wannan ta banza ce?” Amsar ba za ta yi wa kowa daɗi ba, domin kuwa mu masu amfani da wayoyin muna cikin waɗanda ke gaya mata, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari mu ɗan koma baya. Saƙon tarkace, wato wanda ake watsa wa ɗimbin mutane ba tare da sun nema ba, ya girmi yawancinmu. A watan Mayun 1978 wani mai tallan kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutane kusan 400 talla guda a lokaci ɗaya, jama'a suka yi ta tsine masa, amma ya riga ya nuna hanya. Dalilin da ya sa abin ya yaɗu ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san lissafin kasuwa. Aika wasiƙa miliyan ɗaya ta intanet kusan kyauta ne, saboda haka ko mutum ɗaya ne ya faɗa tarko a cikin dubbai, uwar kuɗi ta fita har da riba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun san wannan ciwo tun zamanin wasiƙar gidan waya, shi ya sa sashe na 419 na dokar laifukansu ya zama sunan sana'ar baki ɗaya. A watan Janairun 2004 Bill Gates, mai kamfanin Microsoft, ya faɗa a taron Dabos cewa nan da shekara biyu an gama da saƙon tarkace. Yau an haura shekara 20, kuma kowa ya duba wayarsa ya san inda maganar ta kwana.

Maganin farko da aka gwada shi ne rubuta wa na'ura jerin kalmomi, a ce mata duk wasiƙar da ke ɗauke da kaza da kaza ki tare ta. Wannan bai yi nisa ba, domin da zarar ɗan damfara ya gane kalmar da aka hana, sai ya canja harafi ɗaya ya wuce abinsa. Daga nan masana suka koma ga wani tsohon lissafi na Thomas Bayes, wani malamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761, aka buga aikinsa a 1763. Wasu masu bincike sun gwada shi a kan imel a 1998, amma wanda ya sa duniya ta waiwayo shi ne Paul Graham, da wani rubutu da ya fitar a watan Agustan 2002. Abin da ya kawo shi ne a daina gaya wa na'ura abin da za ta tare, a dinga nuna mata misalai ta ƙirga da kanta.

Duk wadda ta taɓa ɗaukar yarinya ta taya ta zaman kasuwa ta san wannan aiki. Ranar farko yarinyar ba ta san jabun takardar jika goma ba, ba ta san mai biyan bashi da mai cinyewa ba, ba ta san geron bana da na bara ba. Ba littafi ake ba ta ba, nuna mata ake yi: taɓa wannan, shinshina wancan, wannan matar kada ki auna mata sai ta biya na jiya. Bayan wata uku tun daga nesa take gane mutum. To haka rariyar imel take. Ana ajiye mata tuli biyu, tulin wasiƙun kirki da tulin tarkace, ita kuma ta farfasa kowace wasiƙa kalma-kalma tana ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a nan, sau nawa ta fito a can.

Alal misali, a ce an nuna mata wasiƙun kirki 100 da na tarkace 100. Kalmar “kyauta” ta fito a cikin tarkace 60, a cikin na kirki kuwa 3 kacal. Ke nan a cikin wasiƙu 63 masu wannan kalma, 60 na banza ne, wato wajen kashi 95 cikin 100. Kalmar “buhu” kuma ta fito a wasiƙun kirki 40, a tarkace sau 1, ke nan zarginta bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Idan sabuwar wasiƙa ta shigo, sai rariyar ta tsinci kalmomin da suka fi nuna alama, walau ta kirki walau ta tsiya, ta haɗa lissafinsu ta yanke hukunci. Shi Graham kalmomi 15 yake ɗauka a kowace wasiƙa, kuma ba ya jefa ta cikin tarkace sai zargi ya haura kashi 90 cikin 100. Ya ba da labarin cewa na'urar ta gano abin da shi kansa bai taɓa kawowa a ransa ba, wato alamar da ake sawa don rubutu ya fito da jan launi tana tona asirin masu tarkace kamar yadda kalmomin batsa ke yi, saboda suna son jan rubutu.

Wani abin da ya yi ya shafi Alhajinmu kai tsaye. Graham ya riɓanya nauyin kalmomin da suka fito a wasiƙun kirki sau biyu, da gangan, saboda ya san kuskuren iri biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Idan tarkace ya tsallake rariya, ɓacin rai ne na minti ɗaya, ka goge ka wuce. Idan kuwa wasiƙar kirki ta maƙale, ciniki ne zai iya rushewa. Mai tankaɗe ta gwammace ɗan tsaki ya bi gari da a ce garin ya bi dusa.

Daga 2003 wannan dabara ta shiga manhajojin imel da dama. Manhajar Thunderbird, wadda cikakkiyarta ta fito a Disambar 2004, tana da maɓalli biyu, na cewa wannan tarkace ne da na cewa wannan ba tarkace ba ne, kuma duk dannawa darasi ne. Wata rariyar mai suna SpamAssassin, yadda aka saita ta tun asali, ba ta fara aiki da wannan lissafi sai an nuna mata wasiƙun kirki 200 da na tarkace 200. A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, tuli ɗaya ba ya isa. Wanda kullum mugu kawai yake nuna wa yaronsa, ƙarshenta yaron zai kori mai saye na gaskiya. Na biyu, goge wasiƙa daban, kai ƙararta daban. Wanda ya jefa saƙon damfara a kwandon shara ya share ɗakinsa ne kawai, bai koya wa rariya cewa damfara ce ba, gobe ɗan'uwan saƙon zai sake shigowa.

Yawancin ƴan kasuwarmu masu imel Gmail suke riƙe da shi, saboda wayar Android tana neman a buɗe shi kafin a sauko da manhajoji. Shi Gmail, wanda aka buɗe ranar 1 ga Afrilun 2004, rariyarsa ta gayya ce. Dannawar mutumin Indiya da ta mutumin Barazil da ta mutumin Zango duk wuri ɗaya suke taruwa, sannan a ƙara da halin kowane mai akwati. Ba kalmomi kaɗai ake dubawa ba, ana duba daga ina wasiƙar ta fito, shin adireshin sabo ne, mutum nawa aka aika wa irinta, mutum nawa suka kai ƙara. Kamfanin Google yana cewa yana tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na tarkace. Tun daga Fabrairun 2024 kuma ya ɗora wa masu aika wasiƙa sama da 5,000 a rana sharaɗin kada masu kai ƙararsu su kai 3 a cikin 1,000. Ashe dannawar mutum ɗaya ba ƙaramin abu ba ce.

Yanzu a dubi wasiƙar kasuwancinmu da idon wannan rariya. Ta fito daga wata ƙasar Afirka ta Yamma, daga adireshin da mai akwatin bai taɓa rubuta wa ba. Tana maganar kuɗi, da banki, da gaggawa, da kaya a tashar ruwa, ga kuma takarda a maƙale ana cewa a buɗe a sa hannu. Duk waɗannan su ne tufafin da ƴan damfara suka shafe shekaru suna sawa, har rariyar ta haddace su. Wato dai mai gaskiya ne ke biyan bashin da maƙaryaci ya ci. Maganinsa kuwa bai fi minti ɗaya ba. Da Alhaji ya ajiye adireshin mutumin a cikin jerin abokan hulɗarsa, ko ya taɓa ciro wasiƙarsa daga akwatin tarkace ya danna cewa ba tarkace ba ce, da wuya abin ya kai haka. A kuma sani cewa Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a wancan akwati, saboda haka wanda ba ya leƙawa zai iya rasa takarda har abada.

Su ma ƴan damfarar ba barci suke yi ba, in kiɗa ya canja rawa ma canjawa take yi. Da suka gane ana ƙirga kalmomi, sai suka fara cusa kalmomin kirki barkatai a ƙarƙashin saƙo don su rikita lissafi. Wajen 2006 suka koma mayar da rubutun hoto, don rariya ta rasa abin karantawa. Wani mai bincike na Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayani a 2012 cewa su ma suna da tasu rariyar. A ganinsa, labarin da suke rubutowa yakan zama na rainin hankali ne saboda hakan yana yi musu amfani: mai wayo zai watsar tun farko, wanda ya amsa kuwa shi ne ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, duk wanda ya amsa saƙon damfara, ko da zagi ne, ya sanar da su cewa layin yana da rai.

Babbar matsalar da ta fi damunmu ita ce ta harshe. Kundin da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin alfahari ne ƙwarai. To amma rariya ba ta karanta doka, abin da aka nuna mata kawai ta sani. An nuna mata tarkacen Ingilishi da na Faransanci ba adadi, na Hausa kuwa ɗan kaɗan ne in an kwatanta. Bugu da ƙari, mu kanmu ba iri ɗaya muke rubutu ba. Wanda ya yi lakwal a nan zai rubuta “koudi”, ɗan Kano ya rubuta “kudi”, malamin Hausa ya rubuta “kuɗi”, ga rariya mai ƙirga kalma kuwa waɗannan abubuwa uku ne daban, kowanne da nasa ɗan ƙaramin tuli. A ƙarshen 2023 Google ya sanar da wata sabuwar dabara mai duban haruffa maimakon cikakkiyar kalma, wadda aka yi don ta jure irin wannan bambanci da kuma harsuna da yawa. Duk da haka, kowace irin dabara ce sai da misalai take ƙwarewa, misalan Hausa kuwa babu mai ba da su sai mai jin Hausa.

Mun san wasu iyayenmu mata na Kasuwar Dole za su ce, mu da ba mu da imel, ina ruwanmu? Da ruwanku, Hajiya, domin dabarar guda ce, ƙofar ce kawai ta bambanta. Cinikin goro, da atamfa, da turare, da kayan miya tsakanin Damagaram, Matamaye, Magarya da Kano yanzu da saƙon murya ake ƙulla shi. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tun daga mai aikawa har zuwa mai karɓa, kamfanin ba ya iya karantawa ko saurare. Wannan kariya ce ga sirrinmu, amma kuma yana nufin rariyarsa ba ta jin abin da ɗan damfara ke faɗa. Abin da take gani shi ne halin lamba, kamar sabon layi da ya tashi yana aika wa ɗaruruwan baƙi saƙo, sai kuma ƙarar da jama'a suka kai. Idan kika danna wurin kai ƙara, inda wayar da ke Faransanci ta rubuta Signaler, saƙonni 5 na ƙarshe na wannan mutum ne ake tura wa kamfanin ya duba, shi kuma ba a sanar da shi. Kamfanin ya ce a watanni 6 na farkon 2025 ya rufe lambobi miliyan 6.8 masu alaƙa da gungun ƴan damfara. Idan kika toshe shi kawai, kin tsira ke kaɗai, ya wuce wurin maƙwabciyarki.

Sai dai kada mu ɗauka abin duk zuma ne. Wannan aikin koyarwa kyauta muke yi wa kamfanonin da ke wata nahiya, kuma rariyar imel ba ta iya tacewa sai ta bi ta cikin wasiƙar, ko da yake na'ura ce ke bi. Ɗan kasuwa ya san da haka kafin ya rubuta sirrin cinikinsa. Haka nan maɓallin ƙara amana ne. Wanda ya kai ƙarar abokin gasarsa saboda hassada, ko ya danna tarkace a kan saƙon bankinsa don kawai ya gaji da gani, ya koya wa rariya ƙarya, kuma ran da saƙon da yake jira zai zo, ita ma ƙaryar za ta mayar masa.

Abin da muke ba ƴan'uwa shawara a kai ba shi da yawa. Mai jiran takardar kaya ya leƙa akwatin tarkace kullum, wanda ba ya jiran komai ya leƙa ko sau ɗaya a mako, ya ciro na kirki ya shaida wa na'ura. A ajiye adireshin abokan ciniki da lambobinsu. Saƙon damfara a kai ƙararsa kafin a goge, kada a amsa, kada a taɓa shuɗin rubutun da ke cikinsa. Lambobi 6 da aka turo a waya kamar makullin shago ne, ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Idan abokin ciniki ya rubuto cewa ya canja asusun da za a zuba masa kuɗi, a buga tsohuwar lambarsa a ji muryarsa kafin a tura ko dala. Wadda ba ta karatu ta sa ɗa ko jika ya nuna mata maɓallin sau ɗaya, ba ya wuce taɓawa uku. Wanda kuma aka riga aka cuta ya daure ya je komisariya da saƙon a wayarsa, domin Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun ranar 3 ga Yulin 2019, kunya kuwa ita ce babbar garkuwar ɗan damfara.

Ga hukumomi kuma muna da kira. A Faransa tun 2008 akwai lamba 33700 da ake tura wa saƙon waya na damfara, a Najeriya kuma tun 2016 akwai 2442 ta dakatar da saƙonnin talla. Muna son hukumar ARCEP da kamfanonin waya su tsayar da lamba guda, gajeriya, kyauta, a dinga shelarta da Hausa da sauran harsunanmu a gidajen rediyo har tsohuwar da ke ƙauye ta haddace ta. Sandikar ƴan kasuwa ta ware rana a koya wa mambobi. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou kuwa, ga aiki a ƙofar gida: a tattara saƙonnin damfara na Hausa, a cire sunaye da lambobin mutane, a jera su da kowace irin rubutawa, domin duk mai son gina rariya mai jin Hausa da wannan tuli zai fara.

Damagaram garin fatauci ne tun kafin zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tasowa daga Tarabulus ya ratsa nan ya nufi Kano. Fataken wancan zamani ba su da waya, amma in rijiya ta ƙafe ko ƴan fashi sun tare hanya, wanda ya fara gani shi ke sanar da na baya, da haka ayari ke isa. Shi dai Alhajinmu ya biya kuɗin ajiyarsa, kayansa sun iso, kuma ya ce yanzu kowace safiya kafin a buɗe shago sai yaronsa ya leƙa akwatin nan. Allah Ya kare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa.